Bashin Damina, Biyan Kaka: Tarihin Neman Banki ga Manomin Birnin Kudu da Gwaram

Kafin zuwan Turawa, Birnin Kudu da Gwaram garuruwan bakin iyaka ne na masarautar Kano, suna fuskantar duwatsun Ningi, inda mahara suka riƙa fitowa tun daga tsakiyar ƙarni na 19, musamman a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Mutanen da suka tashi cikin irin wannan zaman ɗar-ɗar ba su jira kowa ya koya musu ajiya ba. Dukiyarsu tana cikin rumbu, damin gero da na dawa a jere bisa lissafin watannin shekara. Tana kan turke da cikin garke. Tana cikin riga da zanen da aka naɗe aka adana. Abin da ya saura kuwa wuri ne, kuɗin da sai an nemi jaki kafin a kai mai yawa kasuwa. A watan Fabrairun 1903 sojojin Gwamna Lugga suka ci Kano, hare-hare suka lafa, hanyoyi suka buɗe. Amma tare da zaman lafiyar aka shigo da abin da ya birkita lissafin kowane gida, domin cikin 'yan shekaru haraji ya koma ba a karɓarsa sai da sule da sisi na Bature.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, a kakar 1912 kamfanonin Turawa suka kafa ma'aunin sayen gyaɗa da farashin da ya ja hankalin manoma daga kowace kusurwa ta masarautar. Ba a gama murna ba daminar 1913 ta ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta ci rayuka masu yawa a 1914. Daga wannan zamani ne shekarar manomi ta ɗauki fasalin da har yau ba ta rabu da shi ba. Da kaka, lokacin da kowa ke da hatsi kuma farashi ya faɗi ƙasa, a lokacin ne ake neman haraji, a lokacin ne ake aure da suna da ɗinkin sutura, sai a ɗebi rumbu a kai kasuwa a sayar da arha. Da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gona ke neman noma na biyu, sai a koma kasuwar nan a sayo hatsin nan da tsada. Tsakanin waɗannan farashi biyu ne tarihin bashi a ƙasar Hausa yake kwance.

Ya kamata a tsaya a dubi yadda abin yake faruwa, domin duk shirye-shiryen da za su biyo baya a kansa suka ginu, ko a kan jahiltarsa. A watan Agusta, marka ta sauka, gero bai nuna ba, magidanci yakan jira sai bayan sallar isha'i, lokacin da ido ya ragu, ya yi sallama a zauren wani mai hali. Bayan doguwar gaisuwa yakan sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, gidan ne ba yadda yake." Ba a rubuta takarda, sau da yawa ba a kiran shaida. Idan ɗan'uwa ne ko amini, rance ne kawai, a biya in Allah ya hore. Idan ɗan kasuwa ne, yakan ba da kuɗi ko taki bisa sharaɗin a biya da buhu in an yi girbi, abin da ake kira ba da kaka, a ƙasar Katsina kuma falle. Idan abin ya fi ƙarfin haka, sai a jinginar da gona. Wanda bai sami ko ɗaya ba yakan ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta. A cikin gida mata suna da tasu duniyar: adashin mako ko na ranar kasuwa a hannun uwar adashi, bikin da ake kai wa ƙawa da sanin za ta rama da ƙari, kwanukan jere da akuyar da ake sayarwa ranar da ciwo ya kwantar da yaro. Ba a banza Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa ba.

Gwamnatin mulkin mallaka ta dubi wannan hali ta ga hannun mai cin riba kaɗai. Bayan rahoton C. F. Strickland na 1934 aka yi dokar ƙungiyoyin gama-kai a 1935, da fatan manoma za su haɗa kai su daina dogaro da masu ba da bashi. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, wadda daga baya ta koma hannun Jihar Arewa a 1954. Hukumar ita ke yanke farashi, 'yan kasuwa masu lasisi su ke saye, su kuma su ke raba kuɗi ga yaransu tun kafin kaka domin su kama amfanin manomi yana tsaye a gona. Ta haka bashi ya gangaro ƙauye ta hanyar gyaɗa, rarar kuɗin gyaɗar kuwa ta haura birni, inda aka gina hanyoyi da makarantu da masana'antu da ita.

A wannan tsakanin ne masu bincike suka fara zama a ƙauyuka suna ƙidaya abin da ke shiga gida da abin da ke fita. M. G. Smith ya yi nasa a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950. David Norman da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru suka bi gidajen manoma shekara guda cur a tsakiyar shekarun 1960. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta wallafa littafinta kan karkarar Hausa a 1972. A ƙasashen Zazzau da Katsina aka yi wannan aiki, amma abin da suka bayyana babu manomin Kantoga ko Sara da ba zai gane gidansa a ciki ba. Hill ce ta fito da maganar da ta fi kowace nauyi, cewa ƙauye ba taron matalauta masu hali ɗaya ba ne, akwai mai rumbun da ke kaiwa wata kakar, akwai wanda nasa ke ƙarewa tun bazara. Kuma mafi talaucin mutane ba shi ne bashi ya yi wa katutu ba, shi ne wanda ba mai yarda ya ba shi bashin. Wannan magana ta isa ta sauya tunanin masu tsara manufofi, amma ta iso a lokacin da hankalinsu ya koma wani wuri.

Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone amfani ya karkashe dabbobi, a 1975 cuta ta auka wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ba ta ƙara tashi kamar da ba. A daidai lokacin kuɗin man fetur ke kwarara, naira ta maye gurbin fam tun ranar 1 ga Janairun 1973, gwamnatin tarayya kuma ta ƙudura cewa maganin talaucin karkara shi ne bashi mai sauƙin ruwa. A 1973 bankin manoma ya fara aiki da hedikwata a Kaduna. A 1977, bayan rahoton kwamitin Pius Okigbo, Babban Bankin Najeriya ya wajabta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a karkara, aka kasafta musu rassa 766 a zango uku har zuwa 1989. A shekarar 1977 ɗin dai aka kafa asusun da ke lamunce wa banki kashi 75 cikin 100 na bashin noma idan manomi ya kasa biya. Niyya ta yi kyau, amma ƙofar ta yi wa talaka tsawo. Banki yana son takardar mallakar fili, manomi kuwa gonarsa gado ce, shaidarta dagaci ne da maƙwabta. Banki yana son sa hannu da boko, shi kuwa da ajami ya saba. Kafin takardu su dawo daga hedikwata ruwan shuka ya wuce. Bashin mai arha ya tafi ga manyan manoma da ma'aikata da masu uwa a gindin murhu, rassan karkara da yawa kuma suka zama wuraren tara ajiyar ƙauye a tura ta birni. Abin da ya sauƙaƙa wa manomin Birnin Kudu kakarsa a wannan zamani bai fito daga banki ba. Ya fito ne daga Gwamna Abubakar Rimi, wanda ya soke haraji da jangali a Jihar Kano da hawansa mulki a Oktoban 1979.

A 1982 aka kafa hukumar raya noma ta KNARDA da tallafin Bankin Duniya, kamfanin KASCO yana kai taki da iri rumfunansa na karkara. Sai 1986 ta zo da shirin tsuke bakin aljihu na Janar Ibrahim Babangida, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, darajar naira ta faɗi, taki ya fara tsada. Domin rage raɗaɗi aka buɗe People's Bank a Oktoban 1989 ƙarƙashin shugabancin Tai Solarin, bisa koyi da bankin Grameen na Muhammad Yunus a Bangladesh, inda ake ba da ƙaramin rance ba jingina, 'yan ƙungiya su tsaya wa juna. A 1990 aka fara kafa bankunan al'umma, waɗanda mutanen gari ke haɗa jarinsu.

Ana cikin wannan kai-komo wani matashin masanin tattalin arziki daga Amurka, Christopher Udry, ya zauna a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya daga Fabrairun 1988 zuwa Fabrairun 1989, yana bin gidaje 198 yana rubuta kowane rance da aka ba da ko aka karɓa. Abin da ya wallafa a 1990 ya zama ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambatawa a duniya kan bashin karkara. Ya tarar kusan dukkan rancen tsakanin 'yan gari ɗaya ne ko dangi, mafi yawansu ba takarda, ba jingina, ba a yanke kuɗin ruwa ko ranar biya tun farko. Wajen rabin gidajen kuma sun ba da bashi sun kuma ci bashi a cikin shekara ɗaya. Amma babban abin da ya gano shi ne cewa biyan yana bin yadda shekara ta zo wa kowa. Idan ruwa ya cinye gonar wanda ya ci bashi, ko rashin lafiya ta shiga gidansa, akan rage masa ko a jinkirta. Idan mai ba da bashin ne ya shiga matsala, wanda ya ci yakan biya da wuri, har da ƙari. Ba mai iya ɓoye wa maƙwabcinsa yadda gonarsa ta yi, wanda ya yi taurin bashi kuwa za a kai ƙararsa wajen manyan gidansu ko mai gari, kunya ta ishe shi hukunci. Wato abin da ake kira bashi a ƙauye rabinsa inshora ce. A ganina nan ne tarihin ya kamata ya juya, domin binciken ya nuna ƙarfin tsarin gargajiya, ya kuma nuna iyakarsa: yana ceton gida ɗaya idan ya faɗi, amma shekarar da fari ko ambaliya ta haɗa gari duka, mai bayarwa da mai karɓa hannu rabbana suke yi tare. Gurbin da banki ya kamata ya cike ke nan, shi kuwa banki ya zo da bashin da ba ya sanin damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Shekarar 1991 ta zo da abubuwa biyu. Ranar 27 ga Agusta aka ƙirƙiro Jihar Jigawa daga Kano, Birnin Kudu da Gwaram suka koma ƙarƙashin Dutse, a Janairun 1992 kuma ɗan Birnin Kudu, Ali Sa'ad, ya zama gwamnan farar hula na farko. Abu na biyu bai yi amo ba a lokacin. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar ƙungiyar CARE ta fara aiki da wasu mata Hausawa kan wani tsari da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Adashinsu aka ɗauka aka gyara: kowace mace ta zuba abin da ta iya duk mako, a ranta wa mai buƙata daga cikin asusun, a ware wani abu domin ciwo ko rasuwa, ƙarshen zango a fasa a raba. Wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suka shiga, daga bisani ya dawo arewacin Najeriya a hannun ƙungiyoyin agaji, da akwatinsa mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku daban.

A ɓangaren gwamnati kuwa sai sauye-sauyen suna. A 2000 aka haɗe bankin manoma da People's Bank da shirin FEAP na zamanin Abacha suka zama banki ɗaya, wanda bashin da ba a biya ba ya riga ya raunana shi. A Agustan wannan shekara Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, maganar riba, wadda dama ita ke hana mutane da yawa kusantar banki, ta ƙara fitowa fili. Amma bankin da ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, Jaiz, sai a Janairun 2012 ya buɗe, da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano. A 2005 aka tilasta wa bankuna jarin naira biliyan 25, suka ragu daga 89 zuwa 25, Bankin Arewa ya narke cikin Unity Bank. A Disambar shekarar aka fitar da manufar ƙananan bankuna, aka umarci bankunan al'umma su rikiɗe, a Satumban 2010 kuma aka janye lasisin 224 daga cikinsu. Lokacin da cibiyar EFInA ta fara ƙidaya a 2008, ta tarar fiye da rabin manyan mutanen Najeriya ba su hulɗa da kowace irin kafar kuɗi. Zuwa 2020 adadin ya sauka zuwa kusan kashi 36 a ƙasa baki ɗaya, amma a arewa maso yamma yana kan kashi 68. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuwa, a rahotonta na 2019, ta sa kashi 87 cikin 100 na mutanen Jigawa a ƙasan layin talauci.

Daga wannan yanki ne aka gwada wata hanya dabam. Sule Lamido, ɗan Bamaina a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da zamansa gwamna a 2007 ya fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata, kyauta ba rance ba. Daga 2013 zuwa 2019 kuma aka gudanar da wani shiri da kuɗin gwamnatin Birtaniya, a hannun ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, a ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Zamfara, Gagarawa da Kiri Kasamma da Buji a Jigawa. Buji maƙwabciyar Birnin Kudu ce, kujerar majalisar wakilai ɗaya suke da ita. Mace mai juna biyu takan karɓi naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, har yaron ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da abincin yara. Abin da ya bambanta shirin shi ne an gina bincike a jikinsa tun farko. An ɗauki ƙauyuka 210, aka yi ƙuri'a tsakanin waɗanda za su fara da waɗanda za su jira, aka auna gidaje a 2014, aka koma a 2016, aka sake komawa a 2018. Sakamakon da Pedro Carneiro da Imran Rasul da abokan aikinsu suka wallafa a 2021 ya nuna tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100. Ya kuma nuna abin da masu shakka ba su zata ba: kuɗin sun tsaya a hannun matan, da yawa suka kama sana'a a cikin gida, suka sayi awaki da tumaki, ajiyar gidajen ta ƙaru, cin bashinsu ya ragu. Ɗan kuɗi kaɗan da aka tabbata zai zo kowane wata, har da watan marka, ya yi aikin da aka shekara arba'in ana nema daga bashi mai arha.

Duk da haka tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Ranar 17 ga Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, ya kuma iso ga manoman shinkafa na Jigawa. An raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kawai aka biya, Babban Banki ya musanta ya ce kashi 52 ne. Ko wanne aka ɗauka, dalilan sanannu ne tun 1977: kayan noma su zo a makare, ambaliya ta ci gona kamar yadda ta yi a Jigawa a 2022, manomi kuma ya ɗauki kuɗin gwamnati rabonsa ne, domin babu maƙwabcin da zai ji kunyar haɗa ido da shi.

Abin da ya kawo banki kusa da ƙauye a ƙarshe ba reshe ba ne. Bayan ƙa'idojin wakilan banki na 2013 da yaɗuwar wayar hannu, sai ga yaro a ƙarƙashin lema da tebur da na'urar POS a bakin tashar Birnin Kudu, a Babaldu, a kasuwar Sara, yana karɓar ajiya, yana biyan kuɗin da ɗan cirani ya turo daga Legas ko Fatakwal. An gwada ƙarfin wannan sabon tsari ba da jimawa ba. Ranar 26 ga Oktoban 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin kuɗi suka koma banki, sababbi ba su fito ba. A kasuwannin mako mai akuya ya ƙi karɓar tiransifa domin ba shi da asusu, mai asusun kuma ya tsaya yana ɗaga waya sama yana neman sabis, masu POS suka tsawwala la'ada, manomi ya karyar da buhunsa ga duk wanda ya nuna masa tsabar kuɗi. Cikin waɗannan makonni gidaje da yawa sun ci abinci ne da littafin bashin mai kanti, da musayar hatsi da kayan miya, da sallamar bayan isha'i a zauren mai hali.

Ranar 3 ga Maris na 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, kuɗi suka fara dawowa kasuwa sannu a hankali. A ƙarshen wannan shekara EFInA ta fitar da sabuwar ƙidayarta, wadda ta nuna waɗanda ba su hulɗa da kowace kafar kuɗi sun sauka zuwa kashi 26 cikin 100 a Najeriya, a arewa maso yamma kuwa, inda Birnin Kudu da Gwaram suke, zuwa kashi 47.